Dodo Mai Cokali

A shagon Rufa'i, bayan Ƙofar Marusa,
inda janareto ke tari kamar tsohon mashayin taba,
mun kwana goma sha ɗaya a kan wasa guda.
Wani mutum ne a cikin wani gida.
Ba shi da suna, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba,
sai hannuwansa, suna rawa a ƙasan allo.
Ka buɗe ƙofar madafa, ka faɗa ɗakin kwana.
Ka waiwaya, ƙofar ta zama bango.
Agogo ya kafe a huɗu saura kwata.
Ga kuma abin nan da ke bin ka,
dogo, fuska a shafe kamar guntun sabulu,
ba ya gudu, ba ya ihu,
tafe kawai yake, da cokali a hannu.

Muka kai ƙarshe, ƙarshen ya yi gum.
Allo ya yi fari fat.
Sai gardama ta tsuge kamar ruwan Agusta.

Mu'azzam ya ce ai mutumin ya daɗe da mutuwa,
gidan kabarinsa ne, labari ne bai iske shi ba:
"Ku duba, ko a gaban fitila ba shi da inuwa."
Jabiru ya doki cinya, ya ce ina!
Kisa ya yi.
Shi ya sa kowane hoto a bango an yage masa gefen hagu,
da cokalin nan ya auna gubar.
Har tagogi ya ƙirga, tara,
wai shekarun da alƙali ya yanke masa.
Safwan, ɗan aji biyar, mai littafi cike da zanen lungunan gidan,
ya rantse in aka juya muryar rediyon ta baya
za a ji ana kiran lambar gado a asibiti.
Rufa'i na ƙirga canji, ko kai bai ɗaga ba:
"Kuɗi suka ƙare musu, suka datse wasa a tsakiya.
Ku ne ke neman jini a jikin fara."

Suka juyo kaina.
Na ce barci nake ji.

Na taka da ƙafa har Rafin Daɗi.
Baba na tsaye a zaure, hula a karkace,
yana laluben bango
daidai inda ƙofa take kafin a toshe ta, tun ban iya tafiya ba.
Mutumin da ya shekara talatin yana koyar da lissafi,
rabin unguwar nan a hannunsa suka koyi rabawa,
yana tambayar wa ya ɗauke ɗakin mahaifiyarsa,
yana tambayar ko an kira la'asar.
Kullum la'asar ce a wurinsa,
ko da tsakar dare.

Na zuba kunun da Zulai ta bari a fulas,
na ɓallo ƙwayoyin dare, fara da ruwan ɗorawa,
na nufe shi a hankali,
ban da gaggawa, ban da ɗaga murya, yadda likita ya ce.
Ya ja da baya har ya jingina da bango.
Ya dubi fuskata, ya sake duba,
bai tsinci kowa a cikinta ba.
"Bawan Allah," in ji shi, "me na yi maka kake bi na?"

Na dubi hannuna na dama.

Gobe za su ɗora daga inda suka tsaya.
Safwan ya ce ya gano wata alama a bayan madubi,
Jabiru zai zo da sabuwar hujja.
Ni dai zan biya kuɗin awa ɗaya.
Cikinmu duka babu wanda bai ruga ba
da zarar ya ji takun nan a bayansa.
In ya ɓullo daga ƙarshen lungu
zan ajiye abin sarrafawa a kan cinya,
in bar mutumin a tsaye, hannuwansa na rawa,
har ya iso.
Ina so in ga ko yana hura cokalin kafin ya miƙa.